Daminar da Kawu Umaru Bai Yi Shuka Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Malam Inna ya san Kawu Umaru da faifai a ka. Ba don rana ba fa, don kashin shamuwa! Da bazara ta yi nisa sai su sauka a tsamiyar tsakar gidansa su yi sheƙa, shi kuma ya fito da sassafe yana gaishe su kamar surukai: "Lale, lale! Yaya hanya? Yaya kuka baro mutanen kudu?" Ni 'yar ƙanwarsa ce, ni nake kai masa tuwo tun rasuwar matarsa. Ba su haihu ba, saboda haka daga shi sai tsuntsayen nan a gidan.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, maƙwabcinsa Malam Yohanna, malamin firamare, ya sayi sabon babur ja wur. Ya ajiye shi a inuwar reshen da ya leƙa gidansa. Kwana biyu babur ya koma fari fat.

"Baba Umaru, don Allah zo ka ga aikin baƙinka!"

Kawu ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya girgiza kai. "Malam, da iliminka da komai? Wa ya ce ka ajiye sabon abu a masai?"

Da aka zo ja wa layinmu wutar lantarki kuwa, ma'aikata suka ce sai an sare babban reshe. Kawu ya ɗauko buzunsa da buta ya zauna a gindin tsamiya.

"Baba, ba ka son wuta ne?"

"Akwai ƙwai a reshen nan. Ku dawo in sun ƙyanƙyashe sun yi fiffike."

"Yaushe ke nan?"

"Ga iyayen can a sama, ku tambaye su."

Kwana uku ana wannan! Da suka gaji suka karkatar da waya ta bayan layi, aka tsallake gidansa shi kaɗai. Ko a jikinsa.

Amma inda taurin kan Kawu ya fi yawa shi ne wajen shuka. Yana da gona a Tumfure, kuma ko ruwa ya kwana yana zuba ba ya jefa iri sai shamuwa sun sauka. "Hadari ya sha yaudarata," in ji shi, "su kuwa ko sau ɗaya." Abin haushin, sau biyu gaskiyarsa ta fito, shukar mutane ta ƙone tasa ta yi kyau. Kai, ba mu huta da gori ba!

To, gari ya yi ta faɗaɗa. Aka sare itatuwan unguwa aka kafa gidajen siminti, aka cike kududdufan da shamuwa suke cin kwaɗi a ciki, feshin auduga ya kashe fara. Sheƙar da a da ba ta ƙirguwa ta koma bakwai, ta koma biyu. Sai wata damina ba su zo ba sam.

Na ce, "Kawu, geron mutane fa ya kai gwiwa."

"Ke Hauwa, kin cika gaggawa. Tafiyar da nisa, suna hanya."

Da farko dariya muka yi ta yi. Har Malam Yohanna ya turo babur ɗinsa ƙofar gida, ya ce, "Baba, ɗauko irin nan ka hau in kai ka gona, lokaci na ƙurewa."

Kawu ya ɗaga kai ya daɗe yana duban tsamiya. "In na tafi suka iso, wa za su tarar?"

Wallahi daga ranar ban ƙara yi masa dariya ba. In na kawo tuwo sai in same shi zaune shi kaɗai, ya share gindin bishiya tas, yana jin motsin kowane tsuntsu. Tausayinsa ya hana ni ƙara yin maganar gona. Ciyawa ta cinye ta, shi kuma kafin a yi girbi ya kwanta, bai tashi ba. Da muke kwashe kayansa na sami irin geron a tulu, an liƙe bakin da laka yadda ya saba, ba a taɓa ko ƙwaya ɗaya ba.

Ya Allah, ka jiƙan Kawu Umaru, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka makwancinsa. Ya daɗe yana jira shi kaɗai, ka sa inda ya tafi ya tarar ana jiransa. Amin.