Katakon Dramani Fita

Yayana Dramani, da ake kira Fita, wato makanike, ya shekara goma sha biyar yana gyaran mota a gindin wata bishiyar dogon yaro a unguwar Maamobi, kuma ba injin da ya haɗa da hannunsa da ya taɓa fashewa. Ba shi da gida, ba shi da motar kansa. Wannan suna kaɗai ya mallaka, yana kuwa ji da shi fiye da yadda nake ji da tukunyar wake da shinkafar da nake sayarwa a gefen garejin.

Na sha jin bayaninsa har na haddace. A cikin inji akwai sandar ƙarfe da ake ce wa konrod, ita ke riƙe da fistan, noti biyu ne kuma ke ɗaure da ita, ba su fi yatsa tsawo ba. Direbobi kan zo a ƙara musu kafireto don mota ta yi gudu, yana yi musu. Amma notin na kamfani ne, yana da iyakar juyin da zai ɗauka. In aka wuce, sai ya miƙe kamar alewa, ya tsinke, sandar ta huda inji ta fito waje. Saboda haka duk motar da ya gama, sai ya kasa kunne ya ji inda ya kamata ta tsaya, ya sassaƙa ɗan katako ya ɗaure a ƙarƙashin totur. Ƙafa na kaiwa nan ta tsaya. Wanda ya cire katakon Dramani, kada ya sake zuwa gindin dogon yaro.

Shi kansa in ya hau mota gwaji, haushi yake ba ni. Mai tallan ayaba ta taɓa wuce shi a ƙafa a hanyar Kanda, ta juyo ta tambaye shi ko mai ne ya ƙare.

A shekarar 1965 aka buɗe sabon titin Tema, miƙaƙƙe, ba rami ba kwana. Daidai lokacin Issah, wani direban tasi a Nima mai rawar kai, ya sayi motar wani Bature da zai koma ƙasarsu, ja, gajera, ba rufi. Yaya ya yi mako uku a kanta. Tana da agogon juyin inji mai jan layi a dubu biyar da ɗari biyar, kuma da ya sa katakonsa da kunne kawai, allurar ta tsaya cak a bakin layin. Kwana biyu yana nuna wa duk wanda ya wuce.

Ranar gwaji, da hantsi, na ce ƙafata ƙafarsu, ina da kifin saye a Tema. Na cusa kaina a ɗan lungun baya da darona a cinya. Issah ya ja mu har tsakiyar titin, sai Yaya ya ce a ba shi, akwai abin da yake so ya saurara. Ya karɓi sitiyari, ya taka, ya taka, ƙafarsa ta daki katako. Ga hanya fetal har ƙarshen ido. Na ga ƙeyarsa ta yi wani iri. Ya gangara gefe, ya zaro sukudireba daga aljihu, ya sunkuya, sannan ya ɗago ya miƙo mini katakon ya ce in riƙe masa.

Issah ya ce, “Masta, mota ya yi wani abu ne?”

Yaya ya ce, “Babu. Riƙe ƙofa.”

Ban san akwai irin wannan daɗin a duniya ba. Ɗankwalina ne ya fara tafiya, daro ya bi shi, na ji ƙararsa can baya ban ko waiwaya ba. Sandunan gefen hanya suka haɗe suka zama ɗaya. Issah yana salati yana dariya, yana cewa kakra kakra, wato a yi a hankali, amma hannunsa dukan ƙofa yake kamar ganga. Allura ta haye jan layi ta ci gaba. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, ihu nake a kunnen Yaya ina cewa ya ƙara. Mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa na ciki ba, ga shi baki buɗe yana waƙa. Kukan injin ya sirance, ya koma wani siririn fito mai daɗi.

Sai ƙara ɗaya, kamar an jefar da turmi. Hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya wanke gilashi, motar ta gangara ta tsaya da kanta. Muka buɗe gaba, ga rami a jikin injin da dunƙulen hannu zai shiga. Muka dubi juna, fuskokinmu baƙi ƙirin, muka zube a ciyawa muna dariya har cikina ya ƙulle.

Wata motar gawayi ce ta ja mu zuwa gida. A hanya dariya ta ƙare. Issah ya ce a bar maganar a kansa, shi ya cire katako, ai duk Nima ba wanda zai yi musu. Ni kuwa a raina na ce Allah Ya yi wa Issah albarka.

Kafin a kwance igiyar da aka ja mu da ita direbobi sun taru. Ɗanbala, babbansu a tasha, ya leƙa ƙarƙashin totur, ya ga wayam, ya hau Issah da faɗa. Issah ya sunkuyar da kai yana karɓa. Yaya ya goge hannu da tsumma.

“Ku ƙyale shi. Ni na cire, ni ke kan sitiyari.”

Na ji kamar in nutse, don na san da bakina a ciki. Kafin mako ya zagayo labari ya kai unguwar Adabraka, wasu suka ɗauke motocinsu suka kai wa masu gyaran can, kuma ba a ƙara cewa injin Dramani bai taɓa fashewa ba. Wata huɗu ya yi yana haɗa wa Issah wani injin.

Guntun notin da ya tsinke ya rataye shi da zare a jikin bishiyar. Duk direban da ya zo karɓar mota, sai ya yi masa siririn fiton nan da baki, ya ce in ya ji wannan ya ɗaga ƙafa. Yana yi idonsa na ƙyalli, har in juya baya don kada in yi dariya a gaban mutane.

Da ya tsufa na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, “Ayisha, shekara goma sha biyar ina hana mutane zuwa inda ban taɓa zuwa ba. Ranar nan na je na gani.”

Bai taɓa tambayata katakon ba. Yana nan ƙarƙashin ƙafar teburina, da shi na tokare ta.