Neman Filin da Ba na Kowa Ba

Kakarmu ta wajen uba, Kaka Zara, ba ta yin tatsuniya sai tana bandar kifi. Cewa take yi bakinta ba ya buɗewa idan hannunta ba ya aiki. Don haka mu yaran gidan, a ƙauyenmu da ke kusa da Dagona, tun la'asar muke gane yau akwai labari. In masunta suka dawo da tarwaɗa da karfasa da yawa, muka ga ta fara jera itace a ƙarƙashin ragar banda, to shi ke nan. Ana idar da magariba sai mu kewaye wutar. Hayaƙi yana sa mu hawaye, amma ba mai yarda ya matsa baya. A bayanmu kuma karnukan gidan ne kwance, haɓa a ƙasa, suna jiran ta jefo musu kan kifin da ya ƙone.

Karnukan nan ba sa shiga ɗaki, ba sa kusantar buta ko tabarmar salla, kowa ya san iyakarsu. Amma ban taɓa ganin igiya a wuyan ɗayansu ba. Da safe tare muke gangarawa fadama, mu da su. Idan ruwa ya janye, fili ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ciyawa gajera, tsuntsaye fari fat a bakin ruwa. Mu yi ta gudu karnuka na bin mu, su wuce mu, su dawo, har sai numfashi ya ƙare mu zube a ƙasa.

Kaka tana da nata salon buɗe labari, da Hausarta mai karin Badanci, yaren mutanenta. Sai ta juya kifi ta ce, "Ku matso, ga wata ta fito daga ruwa da jiƙaƙƙen zane." Mu kuma mu ce, "Ta zo ta ji ɗumi."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Hassu da karenta. Wai a wani gari kare ya ci kifin mai gari da aka shanya, sai aka yi shela cewa duk mai kare ya ɗaure shi. Wata yarinya, Hassu, tana da kare da suka tashi tare. Da aka ɗaure shi sai ya daina cin abinci. Ya ce mata, "Hassu, ba yunwa ce za ta kashe ni ba. Ki kai ni inda ba na kowa ba, in yi gudu sau ɗaya." Ta kama igiyar suka fita.

Suka iso wani fili mai faɗi. Ta sunkuya za ta kwance, sai wani mutum ya taso da fartanya ya ce, "Gonata ce, ban dai shuka ba tukuna." Suka wuce. Suka iso wani fili mai laushi da yashi. Ta sa hannu a ƙullin, sai ta ji murya daga ƙasa. A nan Kaka take kumbura kumatu ta yi muryar kogi: "Ke yarinya, shimfiɗata ce wannan. Tafiya na yi, ina nan dawowa." Suka wuce. Suka iso na uku, shiru, ba mutum ba tsuntsu. Karen da kansa ya ja da baya ya ce, "Nan akwai masu barci a ƙasa, kada mu tashe su."

"Sai kuma me, Kaka?"

"Sai suka ci gaba da tafiya."

"Sun samu?"

"Da sun samu ai da wani ya zo ya gaya mana." Ta ɗaga kifi ta duba cikinsa. "Kifina ya bushe, bakina ya rufe."

Ranar da na fara jin ta haushi ya kama ni. Na ce mata ai Hassu wawuya ce, ga fadama nan a bayan gidanmu, me ya hana ta zuwa? Sauran yaran suka yi dariya. Kaka ba ta yi ba. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Umaru, ka yi gudunka tun ana barin ka."

Kaka ta rasu ina makarantar sakandare. Yanzu a Gashua nake zaune, ina gyaran injin ban-ruwa, da matata da yara biyu, A'isha da ƙaninta Sadiƙ. Gidanmu ɗaki biyu ne da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Bayan an haura mana katanga an ɗauke injinan mutane da na ajiye, wani abokina ya ba ni ɗan kwikwiyo don gadi. Yara suka sa masa suna Dogo saboda ƙafafunsa. Tun yana ƙarami na sa masa sarƙa a gindin bishiyar darbejiya, domin maƙwabta suna da awaki da ƙananan yara, kuma ba kowa ne yake son ganin kare a layi ba. A nan ya girma. Ya yi ta zagaye har ya haƙa da'ira a ƙasa, sarƙar kuma ta cinye gashin wuyansa.

Wata rana A'isha ta kawo mini wayar mahaifiyarta. Hoton bidiyo ne na wata ƙasa: fili kore an kewaye shi da waya, karnuka suna ta tsere ba igiya, yara suna jefa musu ƙwallo, iyaye na zaune a benci.

"Baba, wai wurin karnuka ne kawai. Ina namu yake a nan?"

Na yi dariya na ce mu nan ba ma bukatar irin wannan, ƙasarmu duk fili ce. Na yi musu alkawari ranar Juma'a bayan masallaci za mu kai Dogo ya yi gudu. Da gaske na ɗauka abu ne mai sauƙi.

Mun fara da filin ƙwallon wata makaranta. Ko ƙofa ba mu shiga ba mai gadi ya taso da sanda, yaran unguwa kuma suka fara jifa. Wani dutse ya samu Sadiƙ a ƙafa. Wani satin muka gangara bakin kogi, inda nake zuwa gyara. Na san wurin, amma ban taɓa kallonsa da idon mai neman fili ba. Shinkafa ce da albasa da tattasai tun daga hanya har cikin ruwa, bututu ko'ina, shingen ƙaya tsakanin gona da gona. Wani manomi da nake yi wa aiki ya gaishe ni da fara'a, sannan ya ce, "Malam Umaru, don Allah ka riƙe shi da kyau. Ni ma aron wurin nan aka ba ni." Da muka je Nguru gaishe da kawun yaran, aka ce akwai fili a bayan gari. Na tafi dubawa ni kaɗai, na tarar an yanka shi fuloti fuloti, bulo a jibge a kowace kusurwa.

Sai na ce musu, "Ku bari. Zan kai ku inda na tashi. Can sai kun gaji da gudu."

Motocin haya suka ƙi ɗaukar mu da kare, sai wani mai a-kori-kura da ya yarda muka zauna a baya tare da buhunan taki. A hanya ina ta ba su labarin fadama da fararen tsuntsaye. A'isha ta riƙe sarƙar da hannu biyu, tana ta gaya wa Dogo ya yi haƙuri an kusa.

Baffa Saleh, ƙanin mahaifina, shi kaɗai muka tarar ya rage a gidanmu na ƙauye. Bayan gaisuwa ya ga karen, fuskarsa ta canza. Ya raka mu bayan gida. Fadamar ba ta nan. Ciyawar nan da ake kira kacala ta cinye ta, ta fi mutum tsawo, a cunkushe har ba a hango ruwa. Ɗan abin da ya tsira an nome shi an kewaye da ƙaya.

"Umaru," in ji Baffa, "kada ka kwance shi a garin nan. Bara mahaukacin kare ya ciji wani yaro, yaron bai tashi ba. Tun daga nan ake zuba guba a bayan gari. Ka ji haushin kare tun da ka shigo?"

Ban ji ba. Sai a lokacin na lura.

Sadiƙ ya ja rigata. "Baba, ina filin?"

Na nuna masa kacala na ce nan ne. Ya kalle ta, ya kalle ni. A'isha ta tsuguna kusa da Dogo tana shafa inda sarƙa ta ci wuyansa.

A hanyar dawowa muka tsaya jiran mota, sai ga wani dattijo makiyayi da shanunsa za su yi wajen Jakusko. Ya tsaya ya daɗe yana kallon karen, ya ce ƙafafunsa na gudu ne, nasa karen kuwa ya mutu. A'isha ce ta miƙe.

"Baba Alhaji, in ka tafi da shi za ka kwance shi?"

"In ya saba da ni zan kwance shi, 'yata. Sai dai mu ma burtalin kullum ƙara matsewa yake yi. Inda muka bi bara, bana gona ce."

Ta juyo ta dube ni, na gyaɗa kai. Ita da kanta ta miƙa masa sarƙar. Dogo ya bi shi yana waiwaye, yana turjewa, har shanu suka rufe su. Ba mu sake jin labarinsa ba. Na tambayi makiyaya a kasuwar dabbobi har na gaji.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka ta kare ce, kuma na ɗauka ta manta ƙarshenta ne. Yanzu na san matar da ta ga kogi ya sauya hanya, ta ga gonakin iyayenta sun koma hannun wasu, ba ta ga dalilin yi wa jikokinta ƙarya ba. Ban ga laifin manomin ba, shi ma 'ya'ya gare shi. Ban ga laifin mutanen da suka binne yaro suka zuba guba ba. Abin da ya fi damuna ke nan, ba wanda zan je in yi wa faɗa. Mutane muka yi yawa, ƙasa ba ta ƙaru ba.

Na cire turken sarƙar daga gindin darbejiya, damina ta zo ta shafe da'irar. A'isha ba ta ƙara kawo mini waya ta nuna mini komai ba. Jiya da yamma ina zaune ina wanke kan wani inji, Sadiƙ yana wasan tsere shi kaɗai a tsakar gida. Ƙofar gida a buɗe take. Ya taho da gudu daga bakin ɗaki, yana isa bakin ƙofar sai ya ja birki ya juyo da kansa. Ba wanda ya kira shi.