Saude Mai Ɗori da Ƙafar Maikano

Saude ba ta zaɓi ɗori ba, gadonsa ta yi. Mahaifinta, Shitu Maɗori, shi ne mai ɗaure karaya a Dangora da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma a cikin 'ya'yansa ita kaɗai ce ba ta kau da kai in an shigo da wanda ya karye. Ƙanenta Abdussalami da ya ji an fara jan ƙashi sai ya ɗauki fartanya ya fice. Ita kuwa tun tana budurwa take fere karan dawa, ta narka man shanu, ta riƙe wa uban ƙafa. Da ta yi aure ba ta bari ba, da mijin ya rasu ta dawo gidansu, ta zauna a sashen da Abdussalami ya kewaye mata, mutane suka ci gaba da sallama a ƙofarta.

A shekarar 1955 ta haura hamsin. Gajeruwa ce mai kaurin hannu, ba ta da yawan magana, kowa Gwaggo yake ce mata. Ta ɗora wanda jaki ya kayar, da wanda ya faɗo daga ɗorawa, da matar da saniya ta harba wajen tatsa. Jini bai taɓa razana ta ba. Abin da take tsoro a duniya shi ne hukuma. Ba ta taɓa zuwa birni ba, in kuwa ta hango ɗan doka a kasuwa sai ta sake hanya, ko da babu abin da ya haɗa su.

Bayan girbin shekarar, ranar wata kasuwa, wani manomi mai suna Maikano ya kawo dawa a kan jakinsa Kwanar Dangora. Yana sauke kaya a bakin titi sai wata babbar mota da ta ɗauko kuza daga Riruwai ta shawo kwanar da gudu, birki ya ƙi. Jakin ya tsira. Maikano ne tayar ta taka wa ƙauri. 'Yan doka suka tafi da direban, mutane kuma suka ɗora Maikano a kan gadon kara suka nufi gidan Saude, yayansa Hamidu yana gaba yana salati.

Saude ta yaye zanen da aka rufe ƙafar da shi. Karayar da ta saba gani, ƙashi ne yake rabuwa biyu, a ja a daidaita. Wannan kuwa da ta taɓa sai ta ji kamar tsakuwa a cikin jaka, ga fata a yage. Amma mutum yana kwance yana nishi, jama'a sun zuba mata ido. Ta yi bisimilla, ta wanke, ta ja, ta jera kara ta ɗaure, ta sa aka kwantar da shi a rumfar da ke bayan zanar tsakar gidanta.

Ba a yi kwanaki ba ta ga abin da take gudu. Yatsun ƙafar sun yi sanyi, sun fara baƙi, ta matsa farcen babban yatsa, jini bai dawo ba. Ta sassauta ɗaurin, ta kira Hamidu gefen zanar ta yi ƙasa da murya.

"Hamidu, ƙafar nan ta fi ƙarfina. Ku nemi mota yau ku kai shi asibitin Kano."

"Asibiti, Gwaggo? Wa kika ji ya shiga can da irin wannan ya fito da ƙafarsa? Yankewa za su yi."

"In kun yi sauri wataƙila su cece ta."

"Ke kika fara, ke za ki ƙarasa," in ji Hamidu, idonsa ya yi ja. "In kika janye hannunki yanzu, duk abin da ya same shi, ke ce. Zan gaya wa kowa a garin nan."

Saude ta san abin da ya kamata ta yi: ta ja mayafi ta tafi wurin mai unguwa. Amma ta tuna cewa maganar mota ce, kuma maganar mota tana hannun 'yan doka, in ta je sai an tambaye ta, an rubuta sunanta. Ta koma rumfar, ta shafa mai, ta mai da ɗaurin, tana fatan Allah ya kawo sauƙi ta inda ba ta zata ba.

Sauƙin bai zo ba. Zazzaɓi ya rufe Maikano, ya fara sambatu, wari ya kai har zaure. Mai unguwa da kansa ya zo ya ga ƙafar, ya ce a ɗauke shi yanzu-yanzu. Aka tsayar da wata motar gyaɗa aka sa shi. Labarin da ya dawo daga Kano shi ne ya rayu, amma an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Tun daga ranar Saude ba ta ƙara cin abinci ya shige ta ba. In an yi sallama sai ta zaci 'yan doka ne. Ta tattara karan da ta fere ta cusa a murhu. Watanni suka wuce, har ta fara zaton maganar ta mutu, sai ga wani dogari da sammaci daga alƙalin Kiru. Hamidu ya kai ƙarar mai motar yana neman diyyar ƙafar ƙanensa, mai motar kuma ya ce ba shi ya raba Maikano da ƙafarsa ba, a tambayi matar da ta yi ɗori.

Mata suka yi ta zuwa jaje, kowace da abin da ta ji. Wata ta ce kurkukun Kano ake kai irin wannan, kuma tsofaffi ba sa fitowa. Wata maƙwabciya ta ce ita dai ta ji malamai suna cewa ido da ido, haƙori da haƙori, to ƙafa ma ai haka ne. Wannan maganar ce ta zauna wa Saude a zuciya. In ta zo alwala ta kai kan ƙafarta ta hagu, sai ta tsaya tana kallon ƙaurin, ruwa yana tsiyaya daga butar ba ta sani ba.

Ta ce wa Abdussalami za ta tafi Tudun Wada wurin 'yarta ta ɓuya.

"Yaya, Tudun Wada ba ƙasar Kano ba ce?" ya ce. "In kika gudu kin yanke wa kanki hukunci. Ni zan raka ki. Abin da ya faru shi za ki faɗa."

"Abin da ya faru ɗin ne yake ba ni tsoro," in ji ta.

Ranar zaman ya ɗora ta a jaki suka tafi Kiru. Zauren alƙali ya cika. Ta durƙusa a inda aka nuna mata. Can gefe ta hango Maikano a zaune a kan tabarma, sanda a kusa da shi, an naɗe ƙafar wandonsa ɗaya an soke. Ya rame ƙwarai. Ta sunkuyar da kai ba ta sake ɗagowa ba.

Mai motar bai zo ba, wakilinsa ya turo, wani mutumin birni mai zaƙin baki. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba mu musa cewa motarmu ta taka shi ba, direbanmu ma yana can yana amsa nasa laifin. Amma motarmu karya ƙafa ta yi, ba ta yanke ba. Da ƙafarsa aka ɗauke shi daga bakin titi. Diyyar karaya muna ɗauka. Abin da ya biyo baya, a nemi wanda ya ɗaure ta har ta ruɓe."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Saude ta ji kunnuwanta sun toshe. Alƙalin, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce a yi shiru, sa'an nan ya yi bayani. Ya ce mai magani da aka san shi da sana'arsa, aka kira shi ya yi aiki yadda masu sana'ar suke yi, babu komai a kansa ko da abin ya ɓaci. In kuwa ya yi sakaci, to akwai diyya a kansa, amma daga dukiya, domin ramuwa a jiki sai ga wanda ya yi da gangan. Saude ba ta ji ko ɗaya ba, sai da Abdussalami ya raɗa mata, "Kin ji? Ba mai taɓa ƙafarki." Ta gyaɗa kai.

Alƙali ya riga ya aika Bebeji an kirawo wani tsohon maɗori mai suna Ɗantani, don a ji yadda al'adar sana'ar take. Tsohon ya ce ya san Shitu, ya san 'yarsa, hannunta hannu ne. Ya ce ƙafar da taya ta niƙa, sau da yawa ko wa ya ɗora ta ba ta tashi. "Amma in yatsu suka yi sanyi suka yi baƙi," ya ce, "maɗori ya gama nasa. Ranar nan zai kwance, ya ce a nemi wani wuri. Ba a mai da ɗauri a kan baƙin yatsa."

Alƙali ya juyo. "Baiwar Allah, kin ga yatsun sun yi baƙi?"

Sai da ya sake tambaya sa'an nan ta amsa.

"Na gani, Allah ya gafarta Malam."

"Me kika yi?"

"Na kira Hamidu na ce su kai shi Kano. Ya ce a'a, yankewa za a yi. Ya ce in na janye hannuna, ni ce."

"Ƙarya ne!" Hamidu ya zaburo. "Ba ta gaya mini komai ba!"

Dogari ya zaunar da shi. Alƙali ya tambaye ta ko akwai wanda ya ji. Ta ce su biyu ne kawai. Ya ce to tunda ba ta da shaida, Hamidu da ya musa shi zai rantse. Aka ba shi buta ya fita alwala, muhuti, mataimakin alƙali, ya ɗauko Alƙur'ani a cikin gafakarsa. Saude ta bi Alƙur'anin da ido. In ya rantse, shi ke nan, duka ya hau kanta. Ga kuma wani tsoron daban, na ganin mutum ya dafa Littafi a kan abin da ta san ya faru.

Hamidu ya dawo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya miƙa hannu ke nan sai Maikano ya yi magana daga kan tabarmarsa.

"Yaya, kada ka rantse."

Kowa ya waiwaya.

"Ina bayan zanar, ba barci nake ba. Na ji ta ce a kai ni, na ji abin da ka ce mata. Ni ma ban ce komai ba, don ni ma tsoron asibitin nake. Ƙafa ta riga ta tafi, kada ka ƙara mana da wani abin."

Hamidu ya janye hannunsa, ya zauna, ya rufe fuska da hular da ya tuɓe.

Saude ta ɗauka ta fita ke nan. Sai alƙali ya sake kiran ta.

"Da ya ƙi, me kika yi wa ƙafar?"

Ta san kowa ya ji abin da Ɗantani ya faɗa. Ta dubi ƙasa ta ce, "Na mai da ɗaurin."

"Kin san bai kamata ba?"

"Na sani. Tsoro ne ya hana ni zuwa wurin mai unguwa."

Da alƙali ya yanke hukunci, ya ɗora mafi yawan diyyar a kan mai motar, domin motar ce ta niƙa ƙashin, kuma da ba ta taka shi ba da babu ɗori babu asibiti. Ya sauke wani kaso saboda ƙin da 'yan'uwan suka yi bayan an gaya musu. Ya kuma ɗora wa Saude nata kason, saboda ta ga alama ta san ma'anarta, ta mai da ɗauri ta yi shiru. Wakilin mai mota ya ce zai kai wa ubangidansa, daga baya kuma aka ji sun biya ba su ɗaukaka ƙara ba.

Awakin Saude duka aka kai kasuwa, Abdussalami ya buɗe rumbunsa, dangi suka cika sauran. A hanyarsu ta komawa gida, da suka hango kukokin Dangora, sai ta sauka daga jakin ta yi amai a bakin hanya.

Damina guda ta yi ba ta taɓa kowa ba. In an kawo mai karaya sai ta shige ɗaki ta ce a ce ba ta da lafiya. Amma Bebeji da nisa ga wanda hannunsa ke lilo, mutane kuma ba su daina zuwa ba. Da ta koma aiki, sai ta kafa sharaɗi: ba ta taɓa ƙashi sai an kira dattawa biyu sun zauna, ta faɗi abin da ta gani a gabansu, ta faɗi abin da za ta yi. Wanda mota ta taka kuwa, daga bakin zaure take cewa a wuce da shi Kano, ko ana kuka ko ana zaginta. Kullum da safe tana bin waɗanda ta ɗora tana matsa musu farce ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har su ce, "Gwaggo, ai yanzu kika duba."

Maikano ya sayi keken ɗinki na hannu da diyyarsa, ya kafa rumfa a Kwanar Dangora, nesa kaɗan da titi. Hamidu bai sake gaishe da Saude ba har ta bar duniya. Shi Maikano in ta zo wucewa ranar kasuwa yakan ɗaga murya ya ce, "Gwaggo, ina wuni?" Ita kuma ta amsa da sauri, ta tambayi iyalinsa, idonta a kan keken, sa'an nan ta wuce.