Cikin da Ya Kwanta

Har yau in na ji an ce "ciki ya kwanta", sai raina ya ɓaci.

Yayata, wadda ke aure a Korgom, ta shekara goma sha huɗu ba haihuwa. Da cikinta ya fara tasowa, uwar mijinta ta ce ai tun shekarar aure ya shiga, ya kwanta, yanzu ne ya farka. Aka soma dafa mata saiwoyi.

Ni kuwa a labo nake aiki a Tasawa, jini da fitsarin mutane nake aunawa. Na ga tana rama, loma uku ta ce ta ƙoshi, ciki na kumbura ba motsi. Na san akwai wani furotin da sankarar ƙwan mace kan zuba a jini. A Maraɗi akwai 'yar kwalba mai ruwan da muke kira antikor, wanda furotin ɗin kaɗai yake kamawa, kamar yadda ƙarangiya ke kama zane. Gwajin ba ya yanke hukunci, amma in ya hau sai a yi hoton ciki da gaggawa. Jini cokali guda ake bukata, in sa shi cikin ƙanƙara, in ba motar safe.

Na hau kabu-kabu na je da kwalbar ɗibar jini a jaka. Tsohuwar, uwar mijin nata, ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Ke ɗiyar ga, mi kika zo yi? Ba a taɓa jinin mai kwantaccen ciki, hirgita shi za ki yi ya koma."

"Inna, analiz ce kawai, awon jini."

"Kin tai lakkol kin yi boko, mun sani. 'Ya'ya nawa kika haihwa?"

Yayata na kan tabarma tana ɗinkin 'yar rigar jariri. Ta ce, "Ƙyale ni, ƙanwata. Bari in ga wanga ɗa da idona."

Sai na ƙyale ta, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Sau huɗu ina zuwa, sau huɗu ina komawa da kwalbar babu komai, don kada a ce ina baƙin ciki da rabon 'yar'uwata. Ni da nake tsawata wa matan wasu in sun makara zuwa asibiti!

Bayan girbi, da numfashi ya fara gagararta, da kanta ta miƙo mini hannu. Sakamakon ya dawo, likita ya duba, ya tambaye ni ina muke tun tuni. Hoto ya nuna ruwa da ƙari, babu ɗa. Ba ta kai damina ba.

Ranar zaman makoki tsohuwar ta riƙe hannuna tana kuka, kukan gaske. Ta ce, "Allah shi jiƙan su, ita da ɗan."

Mata duka suka amsa. Na zare hannuna na ce, "Mutum guda muka binne, Inna. Kuma da mun ba da jininta, ƙila da tana nan."