Ranar Da Aka Kashe Sautin Gitata

Ina yi wa masu karatu sallama. A lokacin da abin nan ya faru ni ne mai kaɗa babbar gita a wata tsohuwar ƙungiyar kiɗa ta nan Yamai. Tun muna samari muka haɗu, muka yi shekaru muna kiɗan biki daga wannan unguwa zuwa waccan, har furfura ta fara fito mana. Ina zaune a unguwar Kirkissoye da matata da ƴaƴanmu, ban iya wata sana'a ba. A kan dandamali kullum wurina yana gaban manyan lasifikoki, don ina son in ji ƙarar gitar tana bugun ƙirjina. In na koma gida kunnena ya yi ta kuka kamar gyare ya shiga ciki, amma da safe sai ya lafa, don haka ban taɓa ɗaukar sa ciwo ba.

Bayan mun jima ba mu fitar da komai ba, sai shugaban ƙungiyarmu, wanda nake kira Yaya saboda ya girme ni, ya ce lokaci ya yi da za mu yi sabon faifai, wanda gita za ta ja ragamarsa daga farko har ƙarshe. Ban taɓa yin murna irin ta ranar ba. Muka samu ɗakin ɗaukar sauti a unguwar Koira Kano, a ƙetaren kogi, kullum in haye gada a kan babur da gita a bayana. Aiki ya yi nisa ke nan wata safiya na tashi kunnen hagu ya toshe ɗif, na dama kuma yana jin magana kamar daga ƙarƙashin ruwa. Matata ta roƙe ni in je likita a ranar. Na ce mata mura ce, a bari mu gama aikin. Wani maƙwabci ya ba ni wani mai na ɗiga a kunnen, na ci gaba da zuwa aiki. Na riƙa ƙara ƙarar na'urar da muke sawa a kunne har mai ɗaukar sautin ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa haka na saba.

Waƙoƙin ƙarshe da ƙyar muka gama su. Ina kallon hannun mai ganga in bi shi, in ya juya baya sai in ɓace. Sai Yaya ya kawo wani makaɗi ya ce zai riƙa tallafa min da gita ta biyu. Sai da faifan ya kammala na je asibiti. Likitan ya gwada ni, ya rubuta min a takarda, don ba na jin sa sosai, cewa jijiyar kunnen hagu ta mutu, ta dama ma saura kaɗan, kuma da na zo a kwanakin farko da akwai abin da za a iya gwadawa.

Duk da haka na nace sai na hau dandamali ranar ƙaddamar da faifan. Da la'asar aka fara, fili ya cika. Waƙar farko na ga Yaya ya waiwayo ya dube ni, ya yi wa mai kula da na'urori wata alama da hannu. Daga nan komai ya tafi lafiya. Na ga mutane suna rawa suna ɗaga hannu, na zage na kaɗa kamar ina saurayi, gumi har cikin idona, ina cewa a raina ashe ban ƙare ba. Da muka koma gida na ga matata ta kasa cin tuwo. Na matsa mata, sai ta zo daf da kunnena na dama ta ce, “Malam, tun waƙar farko aka kashe sautin gitarka. Duk abin da mutane suka ji, mai gita ta biyu da ke bayanka ne ya kaɗa.”

Na yi kwanaki ban fita ba. Yaya ya zo gida ya zauna a tabarma yana share hawaye, ya ce a ranar na kauce wa kiɗan gaba ɗaya, kuma ya kasa sauke ni a gaban ƴaƴana da jama'a. Da farko na ji haushinsa ƙwarai. Yanzu na san rufa min asiri ya yi.

Faifan ya karɓu, an ce har a taksi ana sa shi. Ni ban taɓa jin sa yadda yake ba. Daga baya kunnen dama ma ya mutu. Yanzu ina tsaron shagon ƙanen matata, ina karantar leɓen masu saye. Abin da na koya shi ne jiki yana yi wa mutum gargaɗi tun da wuri, kuma ba ya jiran a gama aiki. Ƴan'uwana makaɗa da masu aiki kusa da injuna masu ƙara, ku nisanci bakin lasifika, ku toshe kunnuwanku. Wanda ya wayi gari kunnensa ya toshe, ya ajiye komai ya tafi likita a ranar. Ƙaramar ƴata ta fara magana bayan wannan abu, kuma har yau ban san yadda muryarta take ba.