Jan Murjani a Bakin Bindigar Kawu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe safiyar da kawuna ya ɗaga bindigarsa a bakin ruwan madatsar Bakolori. Lokacin ina ƙira a Maradun, ina ji da ƙuruciya, gani nake babu abin da wuta da guduma ba za su gyara ba.

Kawu maharbi ne tun kafin a haife ni. Yana da wata gajeriyar bindigar toka da ake riƙewa da hannu ɗaya, ni nake kula masa da ita. Ni na yi mata sabuwar ƙota ta icen ƙirya, na naɗe ta da fata. To a shekarar da ruwa ya fara cinye dajin da ya saba farauta, idonsa ma ya fara dushewa. Sau uku yana dawowa hannu rabbana. Matasan maharba suka soma raɗe-raɗin a karɓe jagorancin farautar bana daga hannunsa a ba wani. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Na taɓa leƙa na'urar masu awon hanyoyin ruwa, mai ƙafa uku, na ga wata alama a tsakiyar gilashin da ke nuna wa ido inda zai tsaya. Sai na ce ai ga magani a gonar yaro. Na roƙi ƙwayar murjani ɗaya daga sarƙar innata, na yi mata gida da tagulla, na zaunar da ita a saman bakin bindigar. Kawu ya ɗaga ta a rana yana ta murmushi, ya ce har ya manta rabonsa da ganin abu tar haka. Ni kuwa kaina ya kumbura kamar alkubus.

Washegari da sassafe muka tafi bakin ruwan neman dinya, wato agwagwar daji. Wani farin tururi ya kwanta a kan ruwan, kawunan itatuwan da ruwa ya shanye suna leƙowa, ko'ina tsit. Kawu yana nuna mini tsakiyar ruwan, wai can ya harbi barewarsa ta farko, can kuma tsamiyar da suke hutawa. Na shagala, har ina jin kamar zan hango dajin a ƙarƙashi.

Da na waiwayo sai na ga ya saita wani baƙin abu da ke motsi cikin ciyawa. Mace ce ta sunkuya tana ɗibar ruwa. Sai jaririn da ke bayanta ya yi 'yar ƙara. Kawu ya sauke hannu a hankali. Matar ta ɗauki tulunta ta wuce, ba ta ma san muna wurin ba.

Ya zauna ya ce, "Ɗana, mi ka gani?"

Na ce, "Mace ta, Kawu, da goyo."

Ya ce, "Ni jan ga kaɗai nika gani. Da ba ka sa shi ba, da ban yarda da idona ba."

Bai yi mini faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. A ranar ya tara maharba ya miƙa jagoranci da bakinsa.

Na koyi cewa taimakon da zai ɓoye wa mutum rauninsa cuta ce, ko da ƙauna aka yi shi. Tun daga nan, duk wanda ya kawo mini gyaran bindiga, sai na fara nuna masa ƙarshen layi ya faɗa mini wane ne ke tahowa.