Farantin da Yaya Ya Kafa a Kan Soro

Yayana mai gyaran rediyo ne a Babura. Da talabijin ta yawaita sai ya haɗa da kafa wa mutane farantin kama tashoshi, har daga ƙauyukan Nijar ake zuwa a ɗauke shi a mashin. Mutum ne mai sanyin hali, ba kamar ni ba, da Inna ke cewa tun ina goye nake da baki. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana. Ƙanensa, Baffa, shi ya riƙe gidan, kuma in ya yanke magana ba a mayar masa da ita.

Na zo ganin gida daga Kazaure, inda nake aure, ranar da na fara jin zancen. Bayan la'asar ne, Inna tana bakacen gero a tsakar gida. Yaya ya tsuguna ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa.

"Auta, kin ga wannan? Ranarmu ce, wadda ke ƙona ki yanzu."

Ya jefa ta cikin ƙwaryar, ya ce in nemo ta. Na ce masa ba ni da lokacin shirme.

"To kowace ƙwaya a nan rana ce," in ji shi, "da yawansu kuma akwai duniyoyi suna zagaya su. Ƙwaryar ma ta yi kaɗan, sai dai rumbu. Rumbu guda shi ne tarin taurarin da muke ciki. Haske, da babu abin da ya kai shi gudu, sai ya shekara dubbai bai ƙetare shi ba. Irin wannan rumbun kuwa, ki haɗa rumbunan Babura da na Gwiwa da na Roni, ki ƙara da na ƙasar nan kaf, ba ki ma fara ƙirga ba."

Inna ta janye ƙwaryarta ta ce mu bar mata geronta. Shi ko a jikinsa. Ya ce a wata tashar waje ya ga shirin, yana cikin gwada wa wani faranti. Akwai masana da suka kafa manyan farantai a cikin daji, sun shekara da shekaru suna sauraron sama, ko za su ji alamar wasu masu rai. Har yanzu shiru.

"Ki gaya min, duk wannan fili, a ce mu kaɗai ne? Allah fa Ubangijin talikai ne, ba na Babura kawai ba."

Da na sake zuwa, na tarar da wani tsohon faranti a kan soron gidanmu. Kowa ya san farantan gari gefe ɗaya suke kallo. Nasa kaɗai ya miƙe tsaye ya buɗe baki sama, kamar kwanon da aka tara wa ruwa. Ya ja waya ya haɗa da wata tsohuwar rediyo. In ya dawo daga sallar magariba sai ya hau, ya zauna har a kira isha'i, rediyon tana ta shuuu.

Na hau na same shi, na ce, "Haba Yaya, da wannan gwangwanin za ka kamo abin da ya gagari masanan?"

Ya yi dariya. "Na sani, Auta. Nawa wasa ne, ba abin da zai kama. Amma in ina jin ƙarar nan sai in tuna girman abin, sai raina ya yi fari."

Ni na ji wannan amsar. Mutanen gari ba su ji ba. Abin da suka gani shi ne magidanci shi kaɗai a kan soro da magariba, lokacin da ake kwashe yara daga waje a tura su ɗaki. Abin da suka ji daga bakin matarsa kuwa, da tsoro ta faɗa ba da mugunta ba, shi ne yana jiran wasu halittu da ba mutane ba, waɗanda ba a gani, su yi masa magana. A wurinmu wannan suna ɗaya gare shi. Aka fara cewa iska ta taɓa shi. Masu kawo rediyo suka ragu. Wata maƙwabciyarmu ta hana 'ya'yanta bi ta gindin katangarmu.

Baffa ya kira shi ya ce ya sauke farantin. Yaya ya durƙusa ya ce to, amma bai sauke ba. Wannan ne karo na farko da na san ya saɓa wa Baffa.

Da damina ta yi nisa, 'yarsa ƙarama ta kwanta zazzaɓi. Ina gidan ranar. Ana idar da magariba, yana kan soro, yarinyar ta sanƙare a hannun uwarta, idanu suka kafe, haƙora suka datse. Uwar ta kurma ihu. Kafin ka ce me, tsakar gida ya cika da mata, kowa na salati, ga kuma shuuu ɗin rediyon nan yana saukowa a kanmu. Wata tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi soron ta ce, "To, ya kira, sun amsa."

Na ce mata ta rufe mana baki, zazzaɓin sauro ne, wa bai taɓa ganinsa ba? Na fizge yarinyar, ni da Yaya muka hau mashin sai asibiti. Aka yi mata allura, aka sa mata ruwa. Kafin mu dawo gida samari sun hau sun tumɓuke farantin, sun jefo rediyon ƙasa. Yarinya ta warke sarai. Ni na ce allura ce. Gari kaf ya ce sauke faranti ne, har da Inna.

Ba a yi shawara da ni ba, don an san halina. Sai da na koma Kazaure aka aiko min cewa Baffa ya sa an kai Yaya wurin wani mai maganin iskoki, a wani ƙauye bayan Roni. Wai cewa aka yi da shi aikin faranti ne, ya ɗauki jakar kayan aikinsa da hannunsa ya shiga mota.

Na tafi Babura ko mayafi ban daidaita ba. Na durƙusa gaban Baffa, amma bakina bai durƙusa ba.

"Baffa, ku yi haƙuri, mutumin da bai taɓa fashin jam'i ba? Me ya fasa? Wa ya daka? Don ya tambayi abin da ke sama?"

"Ke yarinya ce," in ji Baffa. "Mai hankali ba ya kiran abin da bai san ko mene ne ba. In an amsa masa, a gidan wa za a sauka?"

Ba mugunta na gani a fuskarsa ba. Tsoro na gani, kuma tsoron nasa na gaske ne.

Da aka ba da izinin ziyara, ni da Inna muka tafi. Mota ta sauke mu a Roni, mashin ya shiga da mu tsakanin duwatsu. Gidan yana da doguwar katanga, warin wani hayaƙi mai sa tari ya tare mu tun daga zaure. Yaya yana zaune a inuwar rumfa, an aske masa kai, da mari a ƙafarsa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Da ya gan mu ya yi ƙoƙarin ja wandonsa ya rufe ƙarfen. Wannan jan wandon ne ya sa ni kuka, kuma har yau ban yafe shi ba.

Mai maganin dattijo ne mai taushin murya. Ya ce mana jikin da sauƙi, abu ɗaya ne ya rage. Kullum da safe yakan tambaye shi, akwai wasu a can sama da kake jira? Ranar da ya ce babu, iskokin sun sake shi ke nan, sai a cire marin. Amma kullum amsarsa ɗaya ce: ban sani ba, shi ya sa ake nema.

Na ce, "To ai gaskiya ya faɗa! Kai ka sani?"

Inna ta make min baki a gaban mutane, da aurena da komai. Sannan ta ja jiki ta zauna a ƙasa kusa da Yaya, ta kama ƙafar da ke da marin ta ɗora a cinyarta.

"Ɗan nan, ka ce babu. Me zai rage ka? 'Yarka kullum tana bakin zaure. Ni kuma ba na son in mutu kana nan."

Ya daɗe yana kallon ta. Rumfar ta zana ce, akwai 'yar kafa da ake hango sama ta ciki, na ga ya ɗaga ido ya dube ta. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu."

Mai maganin ya ce ya ɗaga murya.

"Babu kowa. Babu komai a can."

Aka yi hamdala, aka kawo guduma aka cire marin. Muka dawo da shi ranar.

Ya koma shagonsa, masu rediyo suka dawo, kowa na yabon mai magani. Yana cin abinci, yana gaisawa da mutane. Kafa faranti ne dai ya daina, ya ce tsani yana sa shi jiri. Na lura kuma in ya fito daga masallaci da magariba, ƙasa yake kallo har ya shige gida. Sau ɗaya na ɗauki ƙwayar gero na miƙa masa da wasa. Ya karɓa ya jefa wa kaji.

Shekarun baya kaɗan, muna gida ana shirin bikin suna, an idar da magariba, sai ihu ya tashi daga waje. Muka fito tsakar gida. Wasu fitilu ne a sama, sun jeru a layi ɗaya, suna tafiya a hankali daga yamma, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Daga baya na ji cewa taurarin ɗan'adam ne da aka harba tare. A lokacin ba wanda ya sani. Mata suna salati, wani yana kiran sallah a waje. Baffa da ya tsufa yana dogara sanda, ya ce, "Ku kira shi. Ku kira shi ya gaya mana mene ne."

Ba sai an kira shi ba, Yaya yana nan a kan tabarma, yana gyara wata tocila. Na tabbata ya san ko mene ne, ko da daga bakin mutane ya ji siffarsu. Duk gidan, shi kaɗai ne kansa ke ƙasa.

'Yar tasa, da ta isa shiga sakandare a lokacin, ta zo ta dafa kafaɗarsa. Fuskarta ba tsoro, murna ce, irin wadda na gani a fuskarsa ranar gero.

"Baba, duba! Mene ne wancan? Daga ina suke?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da murɗa tocilar, ya ce, "Babu komai a can. Shiga ɗaki, magariba ce."

Ta sauke kanta, ta shiga.